Wa Ya Koya Wa Ɗanka Ma'anar Kuɗi? Darasi Kan 'Ya'yanmu Na Kurmi Da 'Ya'yan Baƙinmu

 

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan kuɗi ne, amma ba kuɗin da ke aljihun manya ba. Muna magana ne kan yadda yaro ya ɗauki kuɗi a ransa, musamman yaron da ya tashi a garin da ba na iyayensa ba. Mu nan ƙasar Kusada da Kankiya wannan ba baƙon abu ba ne. Da wuya ka shiga unguwa a Kusada ko Yashe ko Mawashi ba ka sami gidan da ke da ɗa a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ba. Wasu cin rani suke zuwa, su dawo da damina. Wasu kuwa sun kwashi iyali sun zauna can, sun hayayyafa, sai da sallah ake kawo yaran su ga kakanni. Mu ma kuma muna da baƙi a cikinmu, kuma 'ya'yansu tare da namu suke tashi.

Yaro ba a aji yake fara koyon kuɗi ba. A aji lissafi ake koya masa. Ma'anar kuɗi kuwa, wa ake ba bashi, wa ake hanawa, wa ake faɗa wa gaskiyar farashi, wa ake ninka wa, wannan da ido yake ɗauka tun bai iya ƙirga ɗari ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna mana cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. To a sha'anin dukiya ma haka abin yake. Kuma yaron da ke baƙunta ya fi kowa saurin ɗauka, saboda kullum yana jin kalma biyu a gida: "mu" da "su". Mu ga yadda muke yi, su ga yadda suke yi.

Bari mu koma tarihi kaɗan, don abin ya fito fili.

Kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne danginsa, Agalawa, asalinsu baƙi ne. Kakanninsu daga wajen hamada suka gangaro, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka kama fatauci, har aka san su da safarar goro daga Gwanja, a ƙasar da yau ake kira Ghana. Baƙo ba shi da sarauta a garin mutane, abin da zai riƙe shi ne sana'a da suna mai kyau. Don haka ɗan Agalawa tun yana ƙarami yake sanin cewa kuɗi jari ne, ba abin ci ba ne. Mahaifin Alhassan ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Masu tarihinsa sun ce ita ta koya masa tattali da ajiya a asusu. Ka duba fa: wanda ya fara da asusun ƙasa, shi ne ake ba da labarin ya kai azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa a Kano. Darasin farko ba a makarantar kasuwanci ya same shi ba. A ɗakin tsohuwa ya same shi.

Misali na biyu ya fi kusa da 'ya'yanmu na Kurmi. Unguwar Sabo a Ibadan an kafa ta ne a 1916 don Hausawa. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a 1962 zuwa 1963 yana nazarin yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro a tsakiyar ƙasar Yarabawa. Abin da ya gano, kowane tsohon falke a Kankiya ya san shi ba tare da ya karanta littafi ba. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan mai gida. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar da shanun ga mahauta Yarabawa, galibi bashi. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa. Babu banki a tsakani, babu lauya. Dukiya mai yawa tana tafiya ɗaruruwan mil a kan magana kawai. Me ya riƙe ta? Yare ɗaya, sanin asalin juna, da sallah a sahu ɗaya. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano.

Wallahi wannan abin alfahari ne. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa, ko a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko a Zangon Kumasi, yana tashi da sanin cewa amana ita ce jari. Yana ganin an miƙa wa babansa damin kuɗi ba takarda, an ce a kai gida. Yana ganin baƙo ya sauka da dare, ba a san shi ba, amma da ya ce shi mutumin gari kaza ne ɗan gidan wane, an shimfiɗa masa tabarma.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Yaro ba malami ba ne, ba ya iya rarrabe dalili. Ya ga ana riƙon amana tsakanin Bahaushe da Bahaushe. Ya kuma ga, a wasu gidajen, idan wanda ba namu ba ya zo sayen albasa ko tumatir, ana cusa ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, bayan ya tafi a yi dariya. Ya ji an ce "ai arne ne", ko "ai su ma haka suke mana". Me kake jin zai fahimta? Zai fahimci cewa amana kayan ƙabila ce, kamar hula da babbar riga, ana sa ta idan za a shiga cikin dangi, a tuɓe ta idan an fita. Kuma saboda da kalmar addini aka rufe abin, zai ɗauka addini ne ya ce haka. Wannan ita ce cutar da nake jin tsoro, fiye da tsoron da iyaye ke yi wai yaro zai manta Hausa.

Yanzu mu juyo gida, mu dubi 'ya'yan baƙin da ke tare da mu.

Ɗan Inyamurin da ke tsaron shagon magani ko na kayan gyaran babur, sau da yawa ba ɗan mai shagon ba ne. Yaron gida ne da aka ɗauko daga ƙauyensu a Gabas. Zai yi shekaru yana hidima ba albashi, ranar da wa'adi ya cika ubangidansa ya sallame shi da jari ya buɗe nasa. A kan wannan yaro kuɗi abu ne da ake jira, ana haƙuri, ana rubuta kowace naira a littafi. Mu kuma sai mu ce masa mai son kuɗi. To amma ku faɗa mini, tsakanin wanda ke rubuta bashi da wanda ke cewa "haba, tsakaninmu har sai an rubuta?", wa ya fi kusa da aya ta 282 a Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu? Ayar tamu ce, amma aikin wani ya riga mu.

Ɗan Bafulatani a ruga shi kuma ba takarda yake gani dukiya ba. A al'adarsu tun yaro yana ƙarami ake nuna masa karsana a ce tasa ce, ta haihu, 'ya'yanta su haihu, da su zai yi aure. Shi a wurinsa kuɗi abin da ake samu ne idan dole ta sa an rabu da dabba, don haka sayarwa kusan asara ce. Wannan ya koya masa haƙuri da tattali. Amma idan ba a karantar da shi ba, zai ga fitar da maraƙi ɗaya daga shanu 30 a matsayin zakka kamar an yanki namansa ne.

Ɗan mutanen Nijar, mai shayi ko mai gadi ko mai sayar da dabino, da kai biyu yake lissafi. Babansa yana samun naira, amma hankalinsa na kan sefa, domin gida Maraɗi ko Tawa za a aika. Har kalmomin sun bambanta: a can dala sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000, alhali a wajen dattawanmu jaka naira 200 ce. Yaron nan tun yana shekara goma ya san cewa kuɗi na iya ramewa a aljihu ba tare da an taɓa shi ba. Abin da ya rage a koya masa shi ne hukuncin canji, cewa shari'a ta ce hannu da hannu ake yi, ba a rabuwa sai kowa ya karɓi nasa.

Ka ga yara uku, kasuwa ɗaya suke ci, amma kowa da abin da yake gani idan ya kalli naira dubu. Babu wanda aka haifa da son kuɗi ko rowa ko almubazzaranci a jininsa. Gida ne ya zuba masa.

Namu fa? Wata masaniya daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nazarin yaran cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta ga yadda tattalin arzikin matan kulle yake tafiya a kan ƙafafun yara: su ne masu talla, su ne masu aike, su ne masu kai zubin adashi. Yarinya tana talla ana tara mata na kayan ɗaki. Wato ɗiyar Bahaushe tun tana ƙarama an haɗa mata kuɗi da aure da fita kunya. Ɗa namiji kuma an haɗa masa kuɗi da girma: mai kuɗi shi ne wanda ake taruwa a ƙofar gidansa, wanda ke rabawa. Akwai alheri a nan, domin kyauta da ciyarwa ibada ce. Amma idan aka kai wannan tunani Legas, sai ya zama kaya mai nauyi. Yaro ya tashi yana ganin babansa na kwana a shago, yana cin garin kwaki, amma da sallah sai an dawo Kusada da sabuwar shadda ana rabon 'yan dubu-dubu, ko da bashi aka ci. Sai yaron ya koyi cewa kuɗi don a gani ne. Daga nan zuwa cacar ƙwallo ta waya da damfarar intanet tafiyar ba nisa. Kuma kada wani ya ce mini wai yaran Kudu ne suka lalata shi. Iri daga gida aka tafi da shi, can ruwa kawai ya samu.

Akwai kuma wani ruɗani na harshe da ya kamata malaman Islamiyya su lura da shi. A Hausa, idan ka sayi abu naira 100 ka sayar 120, mukan ce ka ci riba, kuma halal ce. Sannan yaro ya je makaranta ya ji malam ya ce riba haramun ce, har Allah Ya shelanta yaƙi da mai cin ta a ƙarshen Suratul Baƙara. Kalmomin Larabci ne guda biyu daban, ɗaya ribhu, ɗaya riba, suka faɗo cikin Hausa da kama ɗaya. Yaron da Hausarsa ma ba ta nuna ba, wanda ya tashi yana jin Yarabanci da Turancin buroka, yaya zai yi? Wani zai ɗauka duk kasuwanci akwai zunubi a ciki, sai ya daina damuwa. Wani zai ɗauka kuɗin ruwa ma ai riba ce irin ta kasuwa. Ku riƙa ce musu "kuɗin ruwa", ku ba su misali: na ba ka 1,000 bashi da sharaɗin ka dawo da 1,200, wannan shi ne haramun, ko banki ya yi, ko manhajar bashi ta waya, ko uwar adashi, ko Alhaji a zaure. Yanzu ma akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, don haka uzurin ya ragu.

To me shari'a ta ce kan waccan babbar cutar, ta mayar da amana kayan ƙabila?

Alƙur'ani ya ambaci wannan tunani da kansa, kuma ya zarge shi. A Suratu Ali Imrana aya ta 75, Allah Ya ba da labarin wasu daga Ma'abota Littafi. Ya fara da yabon na kirkinsu, waɗanda ko dukiya mai yawa ka ba su ajiya za su dawo maka da ita. Sannan Ya ambaci waɗanda ko dinari ɗaya ka ba su sai ka tsaya a kansu, hujjarsu kuwa wai babu laifi a kansu game da dukiyar waɗanda ba nasu ba. Allah Ya ce ƙarya suke yi maSa. Ɗan uwa, duk ranar da ka ce "ai arne ne" kana tauye mudu, maganar waɗancan ka maimaita, harshe kawai ka canza.

Dubi Manzon Allah (SAW) daren hijira. Mutanen da suka kewaye gidansa da takubba, a cikin garinsu akwai masu ajiya a wurinsa. Yana shirin barin gida da ƙasa, yana da bukatar guzuri, amma ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa kowa kayansa. Dubi Mugira ɗan Shu'uba (RA): kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nisanta kansa daga dukiyar, domin ta yaudara ce, alhali masu ita mushrikai ne. Kuma Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Shugaban Madina ne fa, amma jingina ya bayar kamar kowa.

Game da masu cewa "su ma suna cutarmu", akwai hadisi a Abu Dawuda da Tirmizi da ya umarce ka da mayar da amana ga wanda ya amince maka, ya kuma hana ka ha'intar wanda ya ha'ince ka. Gaskiya ne 'yan uwanmu na shan wahala a wasu wurare. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 ba, inda aka rasa rayuka da shaguna, mutane da yawa suka kwaso iyali suka dawo Arewa. Yaron da ya ga an ƙone rumfar babansa, zuciyarsa a shirye take ta karɓi duk wata fatawar ramuwa. Shi ya sa shi ya fi kowa bukatar a zaunar da shi a gaya masa: wanda ya ƙone rumfar daban, matar da ta zo sayen barkono gobe daban. Ba a ɗora wa wani laifin wani.

Sannan ga abin koyi ga duk mai zaman baƙunta, Abdurrahman ɗan Aufu (RA). Ya isa Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Kasuwar da aka nuna masa ta Banu Ƙainuƙa'a ce, ta Yahudawa. A cikinsu ya fara da cuku da man shanu, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Wannan labari ya kamata kowane yaro a Sabo da Agege ya san shi kamar sunansa.

Abin da nake roƙon iyaye ba mai wuya ba ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 6 a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, malamai kuma suka ce jarrabawar ita ce a ba yaro ɗan abu ya juya a gani. To ɗanka ma haka. Ka ba shi goron sallarsa ya riƙe, ka tambaye shi bayan mako ina ya kai shi. Idan ka fitar da zakka, kira shi ya ga lissafin, ya ga naira 25 na fita daga kowace 1,000, ya san wa aka ba. Idan kuna shago wanda ba Musulmi ba ya manta canjinsa, ɗanka za ka tura ya bi shi da gudu ya kai masa. Tafiyar nan ta minti biyu za ta zauna a kansa fiye da wa'azin shekara. Ku kuma kakanni da baffanni a nan gida, idan an kawo yaran hutu, ku daina tarbarsu da "me aka kawo mana daga Ikko?" Ku tambaye su inda suka kai a karatu tukuna.

Akwai tambayar da ake yawan yi, bari in rufe da amsarta tunda ta shafi wannan babi. Mutum ya yi zaman Kurmi shekaru, ya san akwai haƙƙin wani wanda ba Musulmi ba a hannunsa, ko bashin da ya gudo da shi, ko ajiya, ko algus da ya yi, yanzu ya dawo gida ya tuba. Istigfari kaɗai bai wadatar ba, domin haƙƙin bawa ne. Wajibi ne ya nemi mai shi ya mayar masa, ko da ta hannun wani ne, ko ta tura kuɗin a asusunsa na banki ba tare da ya bayyana kansa ba idan yana tsoron fitina. Idan mai shi ya mutu, magadansa za a ba. Idan an yi iya ƙoƙari ba a same su ba, malamai sun ce ya fitar da daidai adadin daga dukiyarsa ya sa a maslahar jama'a ko ya ba mabukata, da niyyar sauke nauyi, ba da niyyar neman ladan sadaka wa kansa ba. In kuma daga baya mai shi ya bayyana ya nemi abinsa, sai ya biya shi.

Wallahu a'alam.